Fatalwar da Ta Yi Sallama

Ban taɓa mantawa da ranar Alhamis ɗin da na kira mutane ɗakin haɗa hoto don su zo su yi dariya ba. Shekara goma sha ɗaya ke nan, amma duk sanda Oktoba ta zo ƙarshe aka kawo mini jadawalin shirye-shirye na ga sunan fim ɗin nan a kai, sai in ji kamar jiya ne. Ku da kuka shigo tashar nan bara da bana, kun tarar da Fatalwar Dungu ta riga ta zama abin da ta zama. Kun haddace ta tun kuna 'yan makaranta. Jiya ma na ji ɗayanku yana kwaikwayon wurin sallamar a bakin ofishina, saura suna ta ƙyaƙyatawa. Ban ji haushinku ba, ba ku sani ba ne. To amma tunda wata mai zuwa zan ajiye aiki in bar muku kujerar nan, gara ku ji yadda aka yi daga bakina.

A lokacin ni mataimakin edita ne, ban fi shekara biyu da kama aiki ba. Ga wanda bai san aikin ba, masu kyamara su ne ke ɗauko hoto su kawo mana, muna ce masa ɗanyen hoto. Komai na ciki, da mai kyau da shirme, da tari da atishawa da inda ɗan wasa ya manta maganarsa. Edita ya zauna ya tsince, ya yanke, ya jera, har ya fitar da kwafin ƙarshe. Shugaban shirye-shirye ya sa hannu a takarda, a miƙa wa ɗakin watsawa. Daga nan abu ya fita hannunka. Guntayen da ka yanke kuwa, in mai su ya roƙi a goge, ƙa'ida ita ce ka goge su a ranar. Ku riƙe wannan da kyau, don a nan na faɗi.

Manajanmu na lokacin, wanda yanzu kuke ce wa Ciyaman, sabon dawowa ne daga Accra, kansa cike da dabaru. Wata Litinin ya tara mu ya ce bana za mu yi fim ɗin Halowin. Muka dubi juna. Ya ce biki ne na Turawa a ƙarshen Oktoba, su sa kayan ban tsoro, su fafe kabewa su yi mata ido da haƙora, talabijin kuma ta yi ta nuna finafinan fatalwa. Shugaban shirye-shirye ya ce, "Massa," haka muke ce wa maigida a wurin aiki, "a Tamale wa ya san wannan?"

Manaja ya ce, "Shi ya sa za mu zama na farko."

Mako uku aka ba mu. Ba mu da fitilun ɗaukar hoto, saboda haka da rana tsaka aka ɗauki komai, ni kuma aka ce in shafa wa hoton shuɗi ya zama dare. Shi ya sa za ku ga ana cewa dare ya tsala, ga akuya tsaye da inuwarta a ƙarƙashin ciki, ga muryar mai ƙosai tana talla daga nesa. Jinin da kuke gani zoɓo ne, ƙudaje suna binsa. Hayaƙin maƙabarta maganin sauro ne na kunnawa, shi ya sa mai gadin maƙabartar yake tari. Kabewa ba mu samu irin ta Turawa ba, ƙwarya aka huda aka shafa mata manja. Wallahi ko a lokacin mun san shirme muke yi, sai dai shirme ne da ba mu zaci zai cuci kowa ba.

Saura kwana biyu a ɗauki fitowar fatalwa, saurayin da zai yi ta ya gudu. Uwarsa ce ta rantse in ya sa farin ƙyalle ya yi wasan gawa sai ta tsine masa. Aka nemi wani aka rasa, kowa ya ji abin da za a sa sai ya ce shi dai a kai kasuwa. Nan ni kuma, da bakina, ba wanda ya tambaye ni, na ce ina da mutum.

Baba Sule tela ne a Kaladan, maƙwabcinmu, shagonsa na jikin masallacin unguwa. Shi muka kai wa ɗinkin kayan fatalwar. Dogo ne siriri, fuskarsa doguwa, ba ya yawan magana. Amma ba da ɗinki aka san shi ba. Shi ne mai wankan gawar maza a unguwarmu, kusan shekara talatin, ba ya karɓar komai a kai. In namiji ya rasu, kafin a kira liman shi ake fara kira. Ya ga tsiraicin attajirai da na malamai, ya ga ciwon da mutum ya ɓoye wa matarsa, ba a taɓa jin ko kalma ɗaya daga bakinsa ba. In ya shigo gidan mutuwa da butarsa da ƙullin kafur, maza tashi suke yi su ba shi hanya. Bai da ɗa namiji, bai da dukiya, bai je Makka ba. Wannan tashin da ake yi masa shi ne abin da ya tara a duniya.

Na same shi bayan la'asar yana kan keke. Na ce, "Baba, fim ne na tunatarwa. Matasa sun manta da mutuwa, muna so mu tsorata su su koma ga Allah."

Ya tsayar da keken ya ce, "Awal, ba wasa da likkafani ba ne?"

Na ce, "Haba Baba, ni zan kai ka ga wasa? Kuma za a shafe maka fuska da garin rogo, ba za a rubuta sunanka ba. Ba wanda zai gane ka."

Ya dubi farin ƙyallen da ke gabansa. Can ya ce to zai yi, amma ba zai yanka ƙyallen yadda ake yankan likkafani ba, zai sa masa hannuwa ya zama riga. Na ce duk yadda ya so. Na fito shagon ina jin daɗi, ina ganin na yi wa tasha abin da za a tuna da ni.

A wani gida a Dungu aka ɗauki fitowar. Tsarin shi ne wata tsohuwa tana zaune a tsakar gida tana tsince shinkafa, fatalwa ta banko ƙofa ta faɗo, tsohuwar ta yi kururuwa ta watsar da faifai. Tsohuwar ma ba 'yar wasa ba ce, Mma Sanatu ce uwar mai gidan, mai sayar da daddawa, Allah Ya jiƙanta. Darakta ya bayyana wa kowa aikinsa sau uku, aka kunna kyamara. Baba Sule ya taho, fari fat, har ya kai bakin ƙofa. Sai ya tsaya. Ya tuɓe takalmansa ya jera su gefe. Ya ce, "Salamu alaikum, gafaranku dai masu gida."

Mma Sanatu ta ɗago kai ta ce, "Wa alaikumus salam, shigo mana."

Ya shigo, ya ga ta girme shi, ya durƙusa. Ta ƙura masa ido ta cikin garin rogon, ta ce, "A'a, Sule, kai ne? Ya ƙafar Hajara?"

Ya ce, "Da sauƙi, Mma."

Darakta ya daka tsawa daga bayan kyamara. Baba Sule ya zabura ya miƙe, ya ɗaga hannuwa sama ya ce, "Wuuu!" Mma Sanatu ta tuna aikinta, ta ajiye faifan a hankali don kada shinkafarta ta zube, sannan ta yi kururuwa. Daƙiƙa arba'in ke nan daga tuɓe takalmi zuwa miƙewa. Na auna su ya fi sau dubu.

An sake ɗauka, ya yi daidai. Da zai tafi, yana wanke fuska a bakin randa, ya kira ni gefe. Ya ce, "Ɗana, wancan na farkon, inda ta kira sunana da na iyalina, ka share shi." Na ce an gama, Baba, yau ɗin nan.

Na yanke shi daga fim ɗin, wannan gaskiya ne. Amma ban goge ba. Na ajiye shi a gefe, don duk sanda na kalla sai na yi dariya har cikina ya yi ciwo. Ranar Alhamis, saura kwana biyu a watsa, na leƙa waje na kira masu kyamara da 'yan ɗakin labarai, na ce ku zo ku ga abin da duniya ba za ta gani ba. Ɗakin ya cika. Muna kan kallo na uku, wata har ta zauna a ƙasa tana share hawaye, sai ga Manaja. Ya ce me ake yi? Aka sake kunna masa. Ya yi dariya har ya dafa bango. Da ya samu numfashi ya ce, "Wannan ne kuka cire? Cale, abokina, ai wannan shi ne fim ɗin! Mayar da shi."

Na ce, "Massa, tsohon ya roƙa a cire."

Ya ce, "Ya sa hannu a wata takarda?"

Na ce a'a.

"To mayar."

Zan iya ce muku tsoron kora ne ya sa na mayar, kuma shekaru da yawa haka nake faɗa wa kaina. Ƙarya ne. Da na tsaya na ce amana ce aka ba ni, da ya yi tsaki ya tafi, na san halinsa. Na mayar ne don ni ma na ga ya fi daɗi a haka, kuma ina so a ce Awal ne ya haɗa.

Asabar da ƙarfe bakwai na yamma aka watsa. Wayar tasha ba ta huta ba, zagi kawai. Wani ya ce mu mayar masa da lokacinsa, wani malami ya ce mun kawo bikin kafirai gari, wata ta ce 'yarta mai shekara huɗu ma ba ta tsorata ba. Manaja ya yi kwana biyu ba ya amsa gaisuwa. Muka ce shi ke nan, an binne shi, Allah Ya raba mu da irinsa. Ni har hamdala na yi, na ce ba wanda zai tuna.

Bayan kamar mako uku aka yi rasuwa a layinmu, wani dattijo mai sayar da kayan babur. Ina cikin masu zaman makoki a tsakar gida. Baba Sule ya iso da butarsa, maza suka tashi kamar kullum. Ya je bakin ɗakin da gawar take, ya tuɓe takalmansa ya jera su gefe, ya yi sallama a hankali, yadda ya saba shekara talatin. Sai wata budurwa a cikin mata ta fashe da dariya. Ta toshe baki da mayafi, abin ya ƙi. Ta kusa da ita ta kama. Wani saurayi a bayana ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa suna rawa. Ba mugunta suke yi ba, ku fahimce ni, dariya ce irin wadda take zuwa a wurin da bai kamata ba, in ka danne ta sai ta ƙaru. Babban ɗan mamacin ya fito da ido jajir ya ce, "Ubana ne kwance a ciki! Me ya zama abin dariya?"

Baba Sule bai waiwayo ba. Ya shiga ya yi aikinsa ya fito. Da ya zo wucewa ta gabana ya dube ni sau ɗaya ya wuce. Na so ƙasa ta tsage in shige.

Ba wanda ya kira taro ya ce an cire shi daga wankan gawa. Mutanenmu ba sa yin haka. Rasuwa ta gaba dai sai aka ce ai an riga an aika unguwar Sagnarigu an ɗauko wani mai wanka, kada a wahalar da Baba. Ta gaba ma haka. Kafin shekara ta zagayo, butar nan ta koma ta alwala.

Shekara ta biyu, Oktoba na kamawa, sai waya ta fara shigowa. Mutanen da suka zage mu su ne ke tambaya, bana ba za ku sa mana fatalwa mai ladabi ba? Aka sa. Shekara ta uku masu majalisar ataya suka fara fito da talabijin bakin titi, a jera benci, mai wake da shinkafa ta kawo tukunyarta. Aka haddace tarin mai gadi, aka sa wa akuyar suna. A ta huɗu ne yara suka ƙirƙiro nasu, ba wanda ya koya musu: su shafa garin rogo, su yafa zanin gado, su bi gida gida su yi sallama, su tuɓe takalmi, su durƙusa. Matar gida ta ce, "Ya ƙafar Hajara?" su ce, "Da sauƙi, Mma," su miƙe su ce wuuu, a ba su alawa. Malamin da ya ce mun kawo bikin kafirai, da idona na ga jikokinsa a layi, shi kuma yana cewa ai abin yana koya wa yara gaisuwa. 'Yan Tamale da ke Kumasi da Accra da ƙasashen waje suka riƙa bugowa a tura musu, wai in ba su gani ba ba sa jin shekara ta ƙare. Manaja ya samu lambar yabo. Ni na zama babban edita.

Mma Hajara kuwa, matar Baba Sule, ta daina zuwa kasuwa. Mace mai ciwon ƙafa na gaske, ta dogara sanda ta je sayen tumatir, a ce mata ya ƙafa, kasuwa ta ɗauki dariya. Wa zai jure?

Sau biyu Baba Sule ya zo tasha a shekarun farko. Ya zauna a bencin baƙi da hularsa a gwiwa, ya ce a taimaka a cire. Karo na farko Manaja ya rungume shi, ya kira mai hoto, ya ce, "Baba, kai fa tauraro ne, garin nan kaf ana son ka." Karo na biyu ni aka turo, na ce muna dubawa. Bai ƙara zuwa ba. Ni ma na canza hanya, na riƙa zagayawa ta bayan masallaci don kada in bi ta gaban shagonsa. Da na samu hali na tashi daga Kaladan gaba ɗaya.

Shekarar da fim ɗin ya cika tara, ranar Talata ta makon da za a nuna shi, aka ce ina da baƙo. Na fito na gan shi, ya rame, gemun ya yi fari. Na durƙusa na gaishe shi. Ya ce, "Awal, ban zo don kaina ba. Ka san Alhaji Fuseini?"

Na san shi. Amininsa ne tun suna samari, tare suka koyi ɗinki, kullum bayan azahar suna tare a shagon. Ya ce, "Yana kwance, likita ya ce a mai da shi gida. Jiya ya tara 'ya'yansa a gabana ya ce Sule ne zai wanke ni. Da muka fito babban ɗan, Abdul-Rahaman, ya ce mini, Baba, ba mu ƙi ba, amma ka san watan da ake ciki. In gari ya yi shiru bana, to. In kuwa an tayar da abin nan, ba za mu yarda a yi wa mahaifinmu dariya a kai ba." Ya juya hular a hannunsa. "Guda ɗaya nake roƙo, ɗana. Wannan in na yi, ban ƙara neman wani."

Na ce, "Baba, bana za a cire. Ko da aikina."

A lokacin ba mai sake duba fim ɗin kafin a watsa, shugaban shirye-shirye sa hannu kawai yake yi, ya gaji da ganinsa. Ranar Juma'a na zauna na cire daƙiƙa arba'in ɗin, na mayar da ɗauka ta biyu inda fatalwa ta banko ƙofa. Aikin minti goma. Na zauna ina kallon allo ina tunanin shekara tara na hana bawan Allah aikin minti goma. Na miƙa wa ɗakin watsawa, ba wanda ya tambaya.

Asabar da yamma na hau babur na je wata majalisa a Sagnarigu inda ake tara jama'a sosai, na tsaya a baya. Aka yi tari tare da mai gadi, aka yi wa akuya tafi. Fatalwa ta nufo ƙofa, mutane suka gyara zama, wasu har sun fara murmushi. Sai ta banko ƙofa ta ce wuuu.

Murmushin ya ɓace. Wani ya ce, "Kai! Sun yanke!" Aka fara hayaniya. Sai mai wake da shinkafa, da ludayinta a hannu, ta ɗaga murya ta ce, "Wa alaikumus salam, shigo mana!" Shi ke nan. Maza suka ɗauki bakin fatalwa, mata suka ɗauki na Mma Sanatu. Wani ƙato ya tuɓe takalmi ya durƙusa a tsakiyar titi. "Sule, kai ne? Ya ƙafar Hajara?" Jama'a baki ɗaya: "Da sauƙi, Mma!" Fim na can yana tafiya, ba mai kallonsa. Wayoyi duk a sama ana ɗauka. Daga baya na ji haka aka yi a Dungu da Kaladan da ko'ina. Na tsaya riƙe da babur ina kallonsu. Na cire abin daga na'ura, ashe ya daɗe da barin na'ura.

Litinin aka ba ni takardar tuhuma, in bayyana cikin awa ashirin da huɗu dalilin taɓa kayan tasha ba izini, aka haɗa mini da dakatarwar mako biyu. Manaja da kansa ya miƙa mini, fuskarsa a sake. Ya ce, "Doka ce, dole in yi. Amma tsakanina da kai, Awal, ka yi mana tallar da ba mu taɓa samu ba." A makon sau uku aka nuna cikakken fim ɗin don ba jama'a haƙuri, daƙiƙa arba'in ɗin kuma aka riƙa sa su tsakanin kowane shiri da shiri. Ranar Talata samari suka yi jerin gwanon babura, fuska duk garin rogo, suka tsaya a ƙofar shagon Baba Sule suna ihu, "Muna tare da kai, Baba! Ba mai yanke ka!" Da zuciya ɗaya suke faɗa. Abin da ya fi ci mini rai ke nan har yau, son shi suke yi da gaske. Ya rufe shagon daga ciki.

Laraba da safe Alhaji Fuseini ya cika.

Na isa gidan wajen ƙarfe goma. Abdul-Rahaman ya riga ya yi magana da Baba Sule, a gaban liman, cikin ladabi. Ya ce, "Baba, ka yafe mana. Ka ga samarin da suka cika ƙofar gida, kowa da waya a hannu. Kana tuɓe takalmi za a ɗauka." Aka aika Sagnarigu. Likkafanin dai Baba Sule ne ya yanka, ya ba wata maƙwabciya ta shigar da shi ta ƙofar baya.

Na same shi zaune a ƙarshen benci, jikin bangon ɗakin da ake wankan, cikin sauran masu makoki. Na zauna kusa da shi. Ana jin ƙarar ruwa daga ciki. Sai na lura da hannuwansa a kan gwiwa. Suna motsi. Ya shafa kamar mai yi wa wani alwala, baki, hanci, fuska. Ya tallafo wani abu da hagu kamar kai, ya shafa da dama. Ya juya gefen dama, ya bi shi a hankali har ƙasa, ya koma hagu. Leɓunansa na motsi, idonsa a rufe. Yana bin ƙarar ruwan ne yana wanke amininsa ta bayan bango.

Can ya buɗe ido ya kama hannuna. Ya ce, "Awal, kai ba wanda zai yi maka dariya. Shiga ka ce musu su surka ruwan. Fuseini ba ya son ruwan sanyi, ko da zafin bazara sai an ɗumama masa."

Na tashi na shiga. Na tarar har sun gama, suna naɗe shi. Bokitin na nan a gefe da sauran ruwa. Na sa yatsa. Ruwan randa ne, sanyi ƙalau.

Na fito. Ya ɗago kai ya ce, "Sun surka?"

Na ce, "Sun surka, Baba."

Ya sauke ajiyar zuciya ya ce, "To, alhamdu lillahi."

Abin da na koya a aikin nan bai da yawa, kuma ban koye shi da arha ba, wani ne ya biya. Ikon edita yana ƙarewa ne a daidai lokacin da ido na biyu ya ga hoto. Kafin nan kai ne mai yankewa, bayan nan kai ma ɗan kallo ne. In mutum ya ce ka goge, ka goge kafin ka tashi daga kujera, kada ka ajiye don abokai, kada ka ce sau ɗaya kawai. Kuma kada yabon jama'a ya ruɗe ku. Jama'a in suka ƙi abu, sukan manta da shi a mako guda, mai shi ya huta. In suka so shi, ba sa tambayar wa aka taka aka ɗauko musu, kuma ba sa sakewa. Mu masu aikin nan mun fi kowa sanin haka, mu ne kuma muka fi kowa iya cewa ai ba a sa hannu a takarda ba.

Ranar Asabar za a nuna shi karo na goma sha biyu, ɗayanku ne zai miƙa wa ɗakin watsawa. Ban ce kada ku miƙa ba, ba ku da ikon hanawa, ni ma ban da shi. Baba Sule yana nan da rai a Kaladan, ido ya yi rauni, ya bar ɗinki. Nakan je gaishe shi ranar Juma'a. Bai taɓa yi mini maganar fim ɗin ba, ko sau ɗaya. Sai dai duk zuwan da na yi, in zan tafi, sai ya riƙe hannuna ya yi mini godiyar ruwan nan.